Kifin Antatika: Ana Cin Sa Tun Ba a Gama Saninsa Ba

Duk wanda ya taɓa jefa ɗanyen tumatir a cikin firiza ya manta da shi har kwana biyu, ya san irin ɓarnar da ƙanƙara take yi wa abu mai rai. Lokacin da aka fito da shi yana nan jajur, da tauri kamar dutse, amma da zarar ƙanƙarar ta narke sai ya yi laƙwas, ruwa yana tsiyaya daga jikinsa, wuƙa ma ba ta samun abin kamawa. Ruwan da ke cikinsa ne ya daskare ya zama 'yan tsinkaye masu kaifi, su kuma suka farfasa ƙananan ɗakunan da aka gina jikinsa da su, waɗanda masana ke kira ƙwayoyin halitta. Bisa lissafi, abin da ya sami tumatirin nan shi ya kamata ya sami duk kifin da ya kuskura ya zauna a tekun da ya kewaye nahiyar Antatika, can ƙarshen duniya ta kudu. Ruwan teku, saboda gishirin da ke cikinsa, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 1.9 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, kuma a mashigin McMurdo ruwan yana zaune a kusa da wannan mataki kusan duk shekara. Jinin kifi kuwa bai kai ruwan teku gishiri ba, don haka yakan fara daskarewa tun sanyi bai kai digiri ɗaya ƙasa da sifili ba.

Duk da haka akwai kifaye a wurin, kuma masu yawa. Wani dangi guda da masana ke kira Notothenioidei shi ya mamaye gaɓar nahiyar, har ana ƙiyasta cewa wajen kashi 90 cikin ɗari na nauyin kifin da ke can nasa ne. Babba a cikinsu shi ne wanda zan riƙa kira mai-haƙora, ko Dissostichus mawsoni a littattafan kimiyya, ƙaton kifi mai launin toka wanda tsawonsa kan doshi mita biyu, nauyinsa kuma ya haura kilo ɗari. Shi ne masu bincike ke ta tonon asirin jikinsa fiye da shekara hamsin, kuma shi ne jiragen kamun kifi ke kwasowa tan dubbai a kowace shekara ana kai wa manyan gidajen cin abinci na Amurka da Asiya. Ra'ayina shi ne masu kamun sun yi wa masu binciken nisa ƙwarai, kuma ƙa'idar da ƙasashe suka amince da ita, wadda ta yarda a rage manyan wannan kifi zuwa rabi, an kafa ta a kan sani ɗan kaɗan. Akwai kuma wani ɓangare na labarin da ya shafi tutar Najeriya kai tsaye, zan zo kansa.

A shekarar 2021 wasu masu bincike na Jami'ar Nazarin Teku ta Shanghai, a ƙasar Sin, suka wallafa sakamakon wani aiki a mujallar Frontiers in Physiology a kan wata ƙwayar gado da ke jikin mai-haƙora, wadda ke sarrafa homon ɗin da ake kira leftin. Homon saƙo ne da wata gaɓa ke zubawa a cikin jini domin ta sanar da wata gaɓar abin da ake ciki, ita kuwa ƙwayar gado ita ce rubutaccen tsarin da jiki ke bi wajen haɗa wannan saƙo. A jikin mutum, kitse ne ke fitar da leftin, aikinsa kuma shi ne ya shaida wa ƙwaƙwalwa yawan abin da ke rumbu, domin ta san ko za ta ƙara yunwa ko za ta rage. Masu binciken sun ga cewa leftin na wannan kifi ya sauya ƙira da sauri idan aka kwatanta da na kifayen ruwan ɗumi, sun kuma ga cewa a tsoka aka fi samun alamar aikinsa, sannan ƙoda da hanta. Daga nan suka ɗauki ƙwayar gadon suka dasa ta a cikin ƙwayoyin hantar wani ɗan ƙaramin kifi mai zane-zane na ƙasashe masu zafi, irin wanda ake kiwo a ɗakunan gwaji, suka sanya su cikin sanyi. Ƙwayoyin da aka yi wa dashen sun fi sauran hayayyafa, kuma mutuwa ta ragu a cikinsu.

Yadda abin ke faruwa shi ya fi ba ni sha'awa. Ƙwayar halitta tana da wani tsari na kashe kanta idan ta ji ta lalace fiye da gyara, kuma wannan tsari rahama ne ga jiki, domin shi ke kawar da ƙwayoyin da ka iya rikiɗewa su zama ciwon daji. To amma sanyi mai tsanani yakan sa ƙwayoyi lafiyayyu ma su yanke ƙauna su bi wannan hanya, saboda fatar da ta lulluɓe su tana sandarewa, sinadaran da ke gudanar da aiki a cikinsu suna yin nawa, ga kuma ruwan sanyi da ke ɗauke da iskar oksijin mai yawa, wadda idan ta yi yawa takan ƙone abin da ta taɓa. Leftin na mai-haƙora yana tada wata hanyar isar da saƙo da ake kira STAT3, ita kuma tana ƙara furotin masu hana ƙwayar kashe kanta, tana rage masu zuga ta, irin su p53. Wato homon ɗin da a jikinmu yake lissafin kitse, a jikin wannan kifi yana kuma yin aikin dattijon da ke ba ƙwayoyin haƙuri idan sanyi ya matsa musu.

Sai dai ya kamata a ajiye wannan sakamako a inda ya dace da shi. Gwaji ne da aka yi a kan ƙwayoyin halitta a cikin faranti, na wani kifi dabam, kuma tsakanin faranti da kifi mai rai da ke ninƙaya a zurfin mita dubu akwai tafiya. Shi kansa leftin ya taɓa yaudarar mutane. Tun a 1949 aka ga wasu ɓeraye a ɗakin gwaji na Jackson da ke jihar Maine a Amurka, waɗanda ba sa ƙoshi, suna ci har su ninka 'yan'uwansu nauyi wajen sau uku. Sai a 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano ƙwayar gadon da ta lalace a jikinsu, aka raɗa wa homon ɗin suna daga kalmar Girkanci mai nufin siriri. Da aka yi wa ɓerayen allurarsa suka rame, nan da nan duniya ta ɗauka an sami maganin ƙiba, har kamfanin Amgen ya biya dala miliyan 20 domin ya mallaki haƙƙin sarrafa shi. Ashe kallon kitse aka yi wa rogo, domin yawancin masu ƙiba leftin ya yi musu yawa a jini, ƙwaƙwalwar ce ta daina sauraronsa. Waɗanda ya yi wa amfani 'yan ƙalilan ne da aka haifa ba su da shi, kamar wasu yara biyu 'yan dangi ɗaya da likitocin Cambridge suka ba da rahotonsu a 1997. Saboda haka duk wanda ya ce an gano sirrin jure sanyi a homon guda, ya yi azarɓaɓi. Abin da aka samu wani ɗan yanki ne, kuma darajarsa a wurina ita ce yadda ya nuna cewa bayan shekara hamsin ana bincike har yanzu sababbin abubuwa suna fitowa daga jikin kifi ɗaya.

Yankin farko kuma mafi girma na wannan sirri na jure sanyi Arthur DeVries ne ya samo shi. Yana ɗalibi ya je sansanin Amurka na McMurdo a shekarun 1960, inda ake huda ƙanƙara mai kaurin mitoci, a kafa 'yar bukka a kan ramin, a zura ƙugiya a zauna jira. A ƙarƙashin wannan rufi na ƙanƙara akwai ƙananan kifaye da ke shiga tsakanin ɓarɓashin ƙanƙarar suna ɓuya, jikinsu yana gogar ta, ba abin da ke samunsu. A 1969 ya wallafa cewa akwai wani furotin mai haɗe da sukari a cikin jininsu wanda ke hana daskarewa. Aikinsa ya bambanta da na gishiri. Shi yana jiran ɗan ƙwayar ƙanƙara ta shigo jiki, sai ya manne a fuskarta ya rufe ta, ta yadda ruwa ba zai sami wurin kamawa ya ƙara mata girma ba, kuma da haka jinin ke zama ruwa har sanyi ya ɗan wuce digiri 2 ƙasa da sifili. Tazarar da ke tsakanin rayuwa da mutuwa a nan ba ta kai rabin digiri ba.

An ɗauki shekara 28 kafin a gano inda wannan furotin ya samo asali. A 1997 Liangbiao Chen da DeVries da Christina Cheng, a Jami'ar Illinois, suka nuna cewa ƙwayar gadonsa ta tsiro ne daga ta wani sinadarin narkar da abinci, inda wani ɗan gajeren yanki ya riƙa maimaita kansa har ya zama abu sabo. Suka kuma nuna cewa wasu kifayen can arewacin duniya suna da furotin kusan iri ɗaya, alhali ba su gaje shi daga wuri ɗaya ba, kowa da hanyar da ya bi ya iso ga amsa guda. Mai imani zai tsaya a nan ya yi tasbihi, kuma ban ga abin da zai hana shi ci gaba da karatun ba bayan ya gama. Shi wannan Liangbiao Chen, bayan ya koma Sin, yana cikin waɗanda suka yi aikin leftin na 2021, ke nan rayuwar aiki ta mutum guda ta tafi tsakanin yanki ɗaya da wani. A 2014 kuma aka gano cewa maganin yana da nasa ciwon: furotin ɗin da ke hana ƙanƙara girma yana kuma hana ta narkewa, don haka kifin yana yawo da 'yan ƙwayoyin ƙanƙara a cikin jikinsa, musamman a saifa, har a lokacin da ruwan ya ɗan yi ɗumi.

Idan ana son a ga girman abin da ke ɓoye a wannan teku, a dubi 'yan'uwan mai-haƙora masu farin jini. Nau'i 16 ne, kuma su kaɗai ne a cikin dabbobi masu ƙashin baya da ke girma ba tare da jan sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini ba. Johan Ruud, ɗan ƙasar Norway, shi ya tabbatar da haka a 1954, bayan ya daɗe yana jin labarin kifi marar jini a bakin ma'aikatan jiragen ruwa. A watan Fabrairun 2021 jirgin bincike na Jamus mai suna Polarstern yana jan kyamara a ƙasan Tekun Weddell na Antatika sai ya faɗa kan sheƙunan ɗaya daga cikin waɗannan kifaye, ramuka zagayayyu a jere iya ganin ido, yawancinsu da kifi guda yana gadin ƙwai wajen 1,700. Da aka yi lissafi aka sami sheƙa kusan miliyan 60 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 240. Gari guda na kifi, wanda ba a san kamarsa ba a duk duniya, yana nan kwance ba wanda ya taɓa ganinsa sai shekaran jiya.

Wani abu kuma da ya kamata a riƙe shi ne cewa gwanintar waɗannan kifaye a kan sanyi ita ce rauninsu. Tun a 1967 George Somero da DeVries suka nuna cewa wasu daga cikin kifayen McMurdo suna mutuwa da zafi idan ruwa ya kai wajen digiri 6, wato sanyin da ke cikin firjin gida ya kusa ya yi musu zafi. Daga baya aka gano cewa aƙalla wani nau'i a cikinsu ya rasa dabarar da kusan kowace halitta ke da ita ta ƙara furotin na kariya idan zafi ya taso, saboda miliyoyin shekaru sun wuce bai buƙace ta ba. Ga shi kuma tekun nasu ya fara sauyawa. A watan Fabrairun 2023 ƙanƙarar da ke lulluɓe tekun Antatika ta ragu zuwa matakin da ba a taɓa gani ba tun da aka fara auna ta da tauraron ɗan'adam a ƙarshen shekarun 1970. Kifin wani wuri idan ruwa ya yi masa ɗumi yakan matsa zuwa inda ya fi sanyi, su kuwa waɗannan sun riga sun kai bango.

A cikin wannan hali ake kamun mai-haƙora. Jiragen New Zealand ne suka fara a Tekun Ross, wani sashe na tekun Antatika, a ƙarshen shekarun 1990, daidai lokacin da ake gano asalin furotin ɗin jininsa, daga baya wasu ƙasashe suka biyo. Suna amfani da irin abin da masuntanmu ke kira mamari, sai dai nasu igiya ce mai tsawon kilomitoci, ɗauke da dubban ƙugiyoyi da aka sa wa koto, ana nutsar da ita zuwa zurfin da ya haura mita dubu. Abin da ake kamawa a yankin Tekun Ross yana kai wa wajen tan 3,000 a shekara. A kasuwa ba a kiransa da sunansa. Wani ɗan kasuwar kifi Ba'amurke, Lee Lantz, ya ƙirƙiro wa ɗan'uwansa na Patagoniya, can kudancin nahiyar Kudancin Amurka, wani suna a 1977 mai danganta shi da ƙasar Chile, saboda sunan asali ba ya jan mai saye, kuma da wannan suna ake sayar da su biyun. Abin da masu ci ke so a jikinsa shi ne maiƙo, farin nama mai laushi wanda ba ya bushewa a wuta. Wannan maiƙon kuwa kayan aikinsa ne. Danginsa ba su da jakar iskar da sauran kifaye ke amfani da ita wajen tsayawa a tsakiyar ruwa, don haka shi ya tara kitse a cikin tsoka da ƙarƙashin fata, ƙashinsa kuma ya yi sauƙi, har ya zama idan ya girma yana iya shawagi ba tare da ya wahala ba. Abin da ya sa masu binciken leftin suka waiwaye shi, wato kitse, shi ne abin da ya sa aka sa masa tsada. Kuma kada wani ya kawo maganar ciyar da mayunwata, domin wannan ba kifin talaka ba ne a ko'ina cikin duniya.

Masu goyon bayan kamun suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Hukumar kare halittun tekun Antatika, wato CCAMLR, wadda yarjejeniyarta ta fara aiki a 1982 kuma take da mazauni a Hobart ta Ostireliya, tana sa ido a kan wannan su fiye da yadda ake sa ido a kan yawancin na duniya. Kowane jirgi yana ɗauke da mai lura na kimiyya, ana maƙala wa wasu kifaye alama a sake su domin a riƙa ƙiyasta yawansu, kuma kowane kaya yana tafiya da takardar shaidar inda aka kamo shi. Za su ƙara da cewa yawancin abin da aka sani game da rayuwar wannan kifi daga jiragen su aka samo shi, domin jiragen bincike kaɗan ne kuma tafiyarsu tana da tsada. Za su ce kifin ba ya cikin haɗarin ƙarewa, kuma ko an rage shi zuwa rabi ƙwayar gadon leftin tana nan a jikin rabin da ya saura, mai bincike ba zai rasa abin dubawa ba.

Na yarda da rabin wannan magana. Inda na rabu da su shi ne a kan ita ƙa'idar. Abin da ta ce shi ne a ƙayyade kamun ta yadda bayan shekara 35 nauyin kifin da ya isa haihuwa zai tsaya a kashi 50 cikin ɗari na yadda yake kafin a fara su. Lissafi irin wannan yana buƙatar a san yawan da aka fara da shi, da inda kifin ke haihuwa, da sau nawa, da abin da ke samun 'ya'yansa. Amma sai a hunturun 2016, kusan shekara ashirin da fara kamun, wani jirgi ya iya shiga arewacin yankin Tekun Ross a lokacin duhu da ƙanƙara ya ga kifin yana zuba ƙwai, ya kuma ɗebo ƙwan. Ke nan an yi shekaru ana yanka rabo daga tukunyar da ba a leƙa cikinta ba. Sannan lissafin ya ɗauka cewa tekun zai ci gaba da zama yadda aka san shi har tsawon shekarun nan 35, alhali ƙanƙarar da rayuwar wurin ta dogara da ita tana sauyawa a gaban idonmu.

Ga kuma batun wane ne ake kamawa. Mamari manya yake ɗauka. Namijin mai-haƙora ba ya isa haihuwa sai ya kai wajen shekara 13, macen kuwa sai wajen 17, kuma kamar yadda yake a sauran kifaye, babbar mace ta fi ƙarama yawan ƙwai nesa ba kusa ba. Manyan ne kuma suka tara kitsen da ke ba su damar tasowa tsakiyar ruwa, inda suke cin ƙananan kifaye, su ma manyan dabbobin teku masu shayarwa su ci su. Wanda ya ce rabin da ya saura ya isa, ya manta cewa rabin da aka ɗebe shi ne na iyaye. Kuma abin da mai bincike ke nema ya wuce ƙwayar gado a cikin kwalba. Tekun Ross yana cikin wurare na ƙarshe a duniya da manyan masu farauta na cikin ruwa ke nan kusan yadda aka halicce su, shi ya sa ake auna sauran tekuna da shi domin a gane abin da ɗan'adam ya ɓata da abin da sauyin yanayi ya ɓata. Idan aka taɓa ma'aunin, da me za a yi awon?

Duk wannan game da masu kamun halal ne. Akwai ɓarayi, kuma a nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. A watan Disambar 2014 jirgin Bob Barker na ƙungiyar kare halittun teku ta Sea Shepherd ya tarar da wani jirgin su mai suna Thunder a yankin Banzare, kusa da gabashin Antatika, yana kamun mai-haƙora da kalli, irin ragar da hukumar ta haramta a wannan teku saboda ba ta zaɓe, duk abin da ya shiga ya mutu. 'Yan sandan ƙasa da ƙasa na Interpol sun riga sun fitar da sanarwa a kansa tun 2013, suna ƙiyasta cewa masu shi sun sami sama da dala miliyan 60 daga wannan sata. Thunder ya yanke ragarsa ya gudu, Bob Barker ya bi shi, wani jirgin ƙungiyar kuma ya tsaya ya yi makonni yana jawo ragar da aka bari, mai tsawon kilomita 72. An yi kwana 110 ana wannan tsere, aka ratsa tekuna uku, aka yi tafiyar da ta haura mil 10,000 na ruwa. Ranar 6 ga Afrilun 2015, a kusa da tsibiran Sao Tome da Principe, nan mashigin tekun Gini, Thunder ya fara nutsewa cikin ruwa mai kwanciyar hankali. Waɗanda ke bin sa suka ceto mutum 40 da ke ciki, yawancinsu talakawan Indonesiya, wasu kuma suka hau jirgin kafin ya tafi, suka tarar an bar ƙofofin ciki a buɗe yadda ruwa zai ratsa ko'ina, suka fito da takardu da wayoyi da daskararren mai-haƙora guda domin shaida. Kotun Sao Tome ta ɗaure kyaftin ɗin, ɗan ƙasar Chile, tare da injiniyoyinsa biyu 'yan Sifaniya.

Wannan jirgi, a lokacin da aka fara bin sa, tutar Najeriya yake ɗauke da ita, rajistarsa kuma ta Legas ce. Sai a watan Maris na 2015, ana tsakiyar tseren, hukumomin Najeriya suka soke rajistar. Ya kamata a yaba da sokewar, amma tambayar da ta fi ita ce yadda jirgin da sunansa ke cikin jerin ɓarayin teku tun 2006, wanda ya yi ta sauya suna da tuta kamar mai sauya riga, ya sami shiga littafinmu tun farko. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A dokar teku, jirgin da ke can tsakiyar ruwan da ba na kowa ba yana ƙarƙashin hukuncin ƙasar da ya ɗaga tutarta, don haka mai satar kifi ba abin da yake nema kamar ƙasar da za ta ba shi tuta ba ta tambaye shi ina za shi ba. Sunan ƙasar aka ara aka yi ɓarna da shi. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan binciken jiragen su a tashoshin ruwa a 2022, ta kuma kafa ma'aikatar harkokin teku ta musamman a 2023. Abin da nake so in gani daga wannan ma'aikata ƙarami ne kuma ba ya cin kuɗi: kafin a ba kowane jirgin su tuta, a duba sunansa da lambarsa a jerin ɓarayin da hukumomi irin su CCAMLR ke wallafawa a fili, a kuma buɗe littafin rajistar yadda ɗan jarida zai iya dubawa. Ƙasar da jiragen waje ke wawushe kifin gaɓarta ita ce ta fi kowa sanin zafin wannan sata.

Game da masu kamun halal kuwa, ban ce a rufe su gaba ɗaya gobe da safe ba. Abin da nake cewa shi ne nauyin kawo hujja ya koma kan mai son ɗiba, a ɗaga kason da za a bari sama da rabi, a kuma faɗaɗa wuraren da ƙugiya ba ta shiga. Hana su a wani yanki na ruwa domin kifi ya huta ba baƙon abu ba ne, ko a Argungu an san ba a taɓa Matan Fada sai lokacinsa ya yi. A watan Oktoban 2016 ƙasashen hukumar suka amince da killace murabba'in kilomita miliyan 1.55 na Tekun Ross, inda aka hana kamun kasuwanci a wajen kashi 72 cikin ɗari na wurin, dokar kuma ta fara aiki a Disambar 2017. Tun daga nan shawarwarin killace gabashin Antatika, da Tekun Weddell inda sheƙunan nan miliyan 60 suke, da yankin zirin Antatika, suna zuwa taron Hobart shekara bayan shekara suna komawa, saboda ba a zartar da komai sai kowa ya yarda, Rasha da Sin kuma ba su yarda ba. Abin da ɗaure kai a ce ƙasar Sin, wadda masananta ke himma wajen karanta ƙwayoyin gadon waɗannan kifaye, ita ce jakadunta ke tare ƙofa idan an zo maganar kare mazauninsu.

Ita ma killacewar Tekun Ross ba a same ta ba sai da aka sa mata wa'adi, shekara 35, wanda zai cika a 2052, kuma ba za ta ci gaba ba sai dukkan ƙasashen sun sake amincewa. An kuma shata iyakarta ta yadda wani sashe mai yawa na inda aka fi kamun ya faɗo a waje. Mai-haƙora yakan rayu shekara 35, wasu ma su haura. Macen da aka ƙyanƙyashe a shekarar da dokar ta fara aiki ba za ta zuba ƙwanta na farko ba sai wajen 2034, kuma idan ta tsallake mamari a hanyarta ta zuwa arewa inda ake haihuwa, tana iya kasancewa da rai a ranar da wa'adin zai ƙare.